Sunan da Elhaji Bai Taɓa Kira Ba

Ranar da Raliya ta fara shiga shagon Abdurrazak, ba waya ta kai gyara ba. Wasu kalmomi uku ta kai masa, ta riƙo su a baki tun daga gida tana maimaitawa don kada ɗaya ta faɗi a hanya.

Shagon yana bakin tashar Dakoro, rumfar kwano ce da panno biyu masu tara wutar rana a sama, wayoyin mutanen ƙauye jere a tebur suna shan wuta. Kowa ya san mai shagon ɗan garin Bader Goula ne, ya yi shekaru a Turai yana tsinkar lemu, har ciwon mahaifiyarsa ya dawo da shi gida. Ta yi sallama. Ya ɗago kai, ya ga doguwar yarinya cikin hijabi ruwan ƙasa da kwandon cuku a hannu, sai ya manta da wayar da ya buɗe wa ciki.

"Sharji ko gyara?" in ji shi.

"Ko ɗaya. An ce mani ka zauna cikin Turawa. Wata magana nike so ka hwaɗa mani ta wace ƙasa ce."

"Bismilla."

Ta runtse ido kamar mai biya hadda. "Esi piyos ise."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Sake hwaɗi, don Allah."

Ta sake.

"Ikon Allah! Rabona da jin wagga magana tun da na baro gonar lemu. Girkanci ne. Ke kuwa ina kika tsinto Girkanci cikin Dakoro?"

"Mi take nuhi?"

"Tambaya ce. Kai wane ne?"

Raliya ta yi niyyar cewa ta gode ta juya. Amma ba ta juya ba. Ta zauna a bencin masu jiran waya, hawaye suka zubo mata a gaban mutumin da ko sunansa ba ta gama sani ba. Shi kuwa ya rasa abin yi, ya miƙo mata ruwan leda, ya koma gefe ya tsaya kamar shi ne mai laifin.

Da ta nutsu ta ba shi labari. Yayanta Idrisa, ɗan farin gidansu, ya sayar da bijimin mahaifinsu ba da izini ba, ya kama hanyar Agadas, daga can sai Libiya. Sau ɗaya ya kira da wata baƙuwar nimero, ya ce ya tsallake teku yana lafiya, layin ya katse. Damina biyu ke nan ko tarinsa ba a sake ji ba.

Mahaifinta, Elhaji Mahamman mai sayar da raguna, mutumin zamanin da ne, mai kunyar ɗan fari irin ta iyaye da kakanni. Tun da aka haifi Idrisa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. "Yaron nan" yake cewa, in ya ji haushi ya ce "wancan". Idan aka tambaye shi ko an ji labari, sai ya ce ina ruwansa, ya juya zancen zuwa tsadar dusa.

Amma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Elhaji yakan zagaya bayan gida wurin turakun raguna, ya ciro ƙaramar wayarsa ya kira nimeron nan. Kunnensa ya yi nauyi, don haka yake buɗe murya. Wata tsohuwa ce ke ɗauka. Ya ce, "Salamu alaikum. Alo. Yaron nan hwa?" Ta yi ta maganarta, shi ma ya yi tasa, ta kashe. Sai ya tsaya yana sosa wuyan rago. Raliya ta gan shi ta bayan rumbu, kuma tun daga ranar ba ta sake fashin laɓewa ba.

"Ke nan duk lokacin ga tambayarshi take ko shi wane ne," in ji ta.

Abdurrazak ya jinjina kai. "In kina so in koya maki abin da na sani. Girkancin gona ne, ba na 'yan lakwal masu littahi ba, amma shina kai mutum kasuwa ya dawo."

Haka aka fara. Duk ranar da ta kawo cukun Inna wa masu saye a tasha, sai ta ratse shagon. Ya ce kowane harshe daga ni da ke yake farawa, don haka daga nan za su kama. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Ego. Ni ke nan." Ya nuna ta ya ce, "Esi." Ya nuna wani mai kabu-kabu da ke barci kan babur ya ce, "Aftos. Shi." Ya nuna mai ƙosai ta tsallaken hanya ya ce, "Afti. Ita." Sannan emis, wato mu, da esis, wato ku.

Harshen Raliya ya yi ta tuntuɓe. Aftos ya ƙi zama, kullum ahtos take cewa, shi kuwa ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Wannan ai Girkancin Maraɗi ne."

"Kai da ka iya, sai dukan ƙirji. Ego, ego, kamar babu kowa duniya sai kai. Daga yau Malam Ego nike ce maka."

"Na karɓa. Ke kuma Esi, tunda da ita kika zo mani."

Jimla ɗaya take nema a duk karatun, kuma ya koya mata ita har ta zauna: "Ego ime i adelfi tu." Ni ƙanwarsa ce. Takan faɗe ta tana wanke-wanke, ta faɗe ta tana shanya cuku a kan tabarma. Sai dai wa za ta faɗa wa? Nimeron tana cikin wayar Elhaji, wayar kuma ba ta rabuwa da aljihun rigarsa. In ta roƙe shi, ta tona cewa ta ga abin da yake ɓoyewa. Ga makami a hannu, babu inda za ta kai shi.

Karatu dai karatu ne, amma mai ƙosai ta riga su gane inda aka dosa. Malam ya fara sa turare ranar zuwan ɗaliba, ɗaliba ta fara daɗewa gaban madubi kafin ta ɗauki kwando. Wata rana bayan la'asar saƙo ya shigo wayarta:

"Esi, yau shago ya cika da mutane amma ni ban ga kowa ba. Gobe akwai cuku? In babu ki ɗauko kwandon haka nan, ni zan saye shi."

Ta karanta ta kifa wayar a ƙirji, sannan ta rubuta:

"Malam Ego, kwando ba na sayarwa ba ne. Mai kwandon ma sai an tambayi Elhaji."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar:

"To a shirya mani hanya. Wallahi Raliya ina son ki, son da ban san ina da wurin ajiye shi ba. Na ga ƙasashe, ban ga inda hankalina ya kwanta ba sai kan bencin nan in kina zaune."

Ta daɗe tana kallon rubutun. Tana son sa, ta sani, har tsoron yawan son take ji. Abin da ta iya rubutawa shi ne: "Ni ma. Amma ba ni iya barin Inna cikin wannan shirun. Sai mun san halin da Yaya yake ciki."

Washegari ya ce mata, "Kin san mi? Tsohuwar nan suna kawai take jira. In anka ce mata Idrisa, ko ba ta jin Hausa ta gane."

"Baba ya kira sunan Yaya? Ya hi mashi sauƙi ya haɗiye garwashi."

"To ni in kira."

"Da wace nimero?"

Ya murza gemu. Da Raliya ta san abin da ke yawo a kansa, da ta riƙe masa riga. Zaman Turai ya koya masa cewa in abu ya lalace a buɗe shi a gani, kamar waya. Ya manta cewa akwai abin da ake gyarawa a rufe.

Labarin ya riga Elhaji isowa gida. Dela, ƙawar Raliya, ce ta shigo da shi tana haki. Abdurrazak ya sa sabuwar shadda ya je majalisar su Elhaji a gindin bishiyar bedi, dattawa cike da tabarma. Ya gaida kowa da ladabi. Sannan, da zuciya ɗaya, ya ce, "Baba, na ji kuna kiran wata nimero ta Girka duk Juma'a saboda Idrisa. Ku ba ni in kira maku, ina jin harshen."

Dela ta ce kaf majalisar ta ji. Mutumin da ya shekara biyu yana cewa ina ruwansa, ga shi an kwance masa zane a kasuwa. Wani tsoho ya yi murmushi, wani ya kau da kai don tausayi, kuma tausayin ya fi murmushin ciwo. Elhaji ya sa takalmansa ya tashi.

Da ya shigo bai dubi Raliya ba. Ya tsaya tsakar gida ya kira mahaifiyarta.

"Hamsatu, ashe cikin gidana laɓe ake yi mani, a kwashi sirrina a kai tasha. To ki hwaɗa ma ɗiyarki, yaron da teku ta wanke ma kunya ba shi zama surukina. Kada in sake jin ƙahwarta ta taka shagon nan. Mutanen Harisu sun zo neman iri, na ce su dakata sai an kai amfani gida. In kaka ta yi zan ba su amsa."

Raliya ta durƙusa tana cewa, "Baba ku yi haƙuri," amma ya riga ya shige ɗaki.

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Abdurrazak:

"Mi na yi maka? Amana na ba ka, ka kai ta gindin bedi. Ka kunyata tsohona gaban sa'o'inshi. Kada ka sake nemana."

Ya amsa:

"Esi, wallahi gyara na tahi yi. Na ga kina ramewa, na kasa jurewa. Na yi wauta, ban da bakin kare kaina. Ki ce mani abin da zan yi, ko mi ne ne."

Ta ajiye wayar, don ita ma ba ta san abin da za a yi ba.

Juma'a ta zo. Elhaji ya dawo daga masallaci, ya rataye rawaninsa, ya kwanta. Bai zagaya wurin raguna ba. Wata Juma'ar ma haka. Garin neman gira an rasa ido: da can akwai muryar tsohuwa ko ba a jin abin da take cewa, yanzu ita ma babu.

Ranar nan Raliya ta tarar da Inna zaune gaban turmi, taɓarya a jingine, tana kallon bayan gida.

"Kin ɗauka ke kaɗai ke ji?" in ji Inna, ba ta dube ta ba. "Ni ma duk Juma'a nike barin daka in kasa kunne. Ban san mi take cewa ba, amma in na ji ta sai in ce akwai wata ƙasa inda anka taɓa ganinshi. Yanzu kun raba ni da ita."

Inna ma ɗan farinta ne, ba ta da ikon ambatonsa, balle ta yi kuka a ce don shi take yi. Raliya ta kwantar da kai a cinyarta. Babu mai rarrashin wani, kowa da nasa.

Gero ya fitar da kai, ya fara nuna. Duk wanda ya wuce gona yana murna, Raliya kuwa gabanta ke faɗuwa, don kowace zangarniya kusanto mata da amsar Elhaji take. Harisu ya fara zuwa zance da yamma. Ba mugun mutum ba ne, ɗan mai shanu ne, yana da kirki daidai gwargwado, sai dai in ya kama labarin baburansa har a kira magariba bai kai ƙarshe ba. Rannan yana cikin zuba ya ce, "Af, mutumin naki ma na ga shina kwance panno. An ce Girka zai koma. Dama wanda ya sha ruwan can ba shi zama."

Ta rasa yadda ta yi sallama da shi. Fushin da ta yi makonni tana riƙo ya zube nan take, ta rubuta:

"Da gaske tahiya za ka yi? Teku ta raba ni da Yaya, kai ma ita za ka ba kanka?"

"Wa ya ce maki? Bader Goula zan koma wurin tsohuwata. Ba ni iya zama garin da in na hango Elhaji sai in canza hanya, in na hango ki kuma ba ni da ikon gaishe ki. Ban daina son ki ba ko na ƙiftawar ido, Raliyata. Na dai rasa ƙohwa."

"Kada ka kwance sauran. Ka ba ni Juma'a ɗaya."

Ta rubuta hakan ba don tana da dabara ba. Uba ba a tunkararsa da irin wannan magana, Abdurrazak ya gwada kowa ya ga yadda aka kwashe. Hanya ɗaya ta rage, wadda mata suka sani tun kaka da kakanni: a yi magana da wani don wani ya ji.

Da safe Elhaji yana zuba wa raguna harawa, Inna tana sheƙe tsaba kusa da danga. Raliya ta zo ta tsuguna gefenta, ta ɗaga murya yadda mai nauyin kunne zai ji.

"Inna, kin san abin da matar nan take hwaɗi?"

Inna ta zaro ido tana yi mata alamar ta yi shiru. Raliya ta ci gaba.

"Ba zagi take ba, ba kora take ba. Cewa take, kai wane ne? Damina biyu tana tambaya, ba a taɓa ba ta amsa ba. Wataƙila tana da abin hwaɗi, ba ta dai san wa za ta hwaɗa mawa ba."

Hannun Elhaji ya tsaya cikin harawa. Bai juyo ba. Ya gama abin da yake yi, ya wanke hannu, ya fita. Ranar bai ci tuwo ba, washegari ma ya taɓa ya ture. Raliya ta ce a ranta shi ke nan, ta ƙara wa wuta mai.

Ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci bai cire rawani ba. Ya tsaya bakin zaure, ya ce da iska, "A kira mani mai wayoyin nan."

Abdurrazak ya zo a guje, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida. Ya durƙusa nesa da Elhaji a wurin turaku, kansa a ƙasa. "Baba, na yi kuskure, ku gahwarce ni."

"Ba wannan na kira ka ba," in ji Elhaji. Ya ciro wayar ya latsa. Inna ta tsaya jikin rumbu, Raliya na gefenta.

Ta yi ƙara har suka fara fid da rai, sannan aka ɗauka. Muryar nan ce, a gajiye. "Esi piyos ise?"

Abdurrazak ya dubi Raliya ya gyaɗa mata kai. Ta matso ta ce, "Ego ime i adelfi tu."

Tsohuwar ta jefo wata gajeriyar tambaya.

"Ta ce ƙanwar wa," in ji Abdurrazak. Ya kau da fuska daga Elhaji, ya faɗi sunan a hankali, ya haɗa da ɗan Girkancinsa na gona. Murya ta canza daga can, ta yi tauri, ta yi ta zuba.

"Ta ce ba ta san kowa ba. Ta ce an sha zuwa neman yaran da ke aiki wurinsu, wani sa'in polis, wani sa'in mutanen da sunka tsallako da su teku. Ba ta ba da ɗan kowa."

"Ka ce mata ubanshi ne ke kira," in ji Inna daga jikin rumbu. Shi ne karo na farko da ta sa baki.

Ya faɗa. Tsohuwar ta amsa da zafi. Abdurrazak ya buɗe baki ya rufe, zufa ta keto masa.

"Hwaɗi," in ji Elhaji.

"Baba..."

"Na ce ka hwaɗi."

"Ta ce wane irin uba ne zai yi ta kira bai taɓa tambayar ɗanshi da suna ba. Ta ce in ubanshi ne, ya hwaɗi da bakinshi ta ji."

Raliya ta ji kamar ta karɓi wayar ta kashe, don ta san abin da ake nema wurin tsohon nan ya fi ƙarfinsa. Ba taurin kai ba ne. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, kuma a wurinsu wannan kunyar ita ce girman ɗa. Ga Inna a tsaye, ga 'ya, ga baƙo. Ta ga ya dubi ƙasa, ya dubi rago, ya rasa mai ceto.

Ya kawo wayar kusa da bakinsa da hannu biyu.

"Idrisa," ya ce. Sunan ya fito a karye, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. "Idrisa. Ɗana ne. Ni na yanka mashi ragon suna. Baiwar Allah, in ya mutu ki hwaɗa mani in yi mashi addu'a."

Tsohuwar ba ta jin Hausa, amma ta haifa. Sai suka ji ta fashe da kuka tana maimaita wata 'yar kalma, sannan ta shiga zuba magana.

Abdurrazak ya miƙe tsaye bai sani ba. "Shina da rai! Baba, shina da rai! Ta ce lahiyarshi lau, gonar zaitun ɗin ɗanta yake aiki. Ta ce ran Lahadi shina zuwa cin abinci wurinta, a kira."

Inna ta ja gefen zane ta rufe fuska, ta sulale ta zauna a ƙasa. Elhaji ya juya musu baya ya kama ƙahon rago ya riƙe, kafaɗunsa na girgiza. Kowa ya yi kamar bai gani ba.

Ranar Lahadi aka kira. Da aka ji "Baba?" daga can, sai Elhaji ya dubi wayar kamar ta ƙone shi, ya miƙa wa Inna. Inna ta miƙa wa Raliya. Kunya ta dawo mazauninta, amma yanzu kowa murmushi yake.

Idrisa yana kuka yana ba da haƙuri. Ya ce tsoro ne ya hana shi sake kira, ya ɗauka Baba ya yi masa baki saboda bijimi. Ita kuma tsohuwar ta ɓoye masa zancen mai kiran Juma'a don kada hankalinsa ya tashi, tana zaton masu farautarsa ne. Ya ce ba shi da takardun da za su bar shi ya zo yanzu, amma yana nema.

Elhaji, yana fuskantar danga, ya ce, "Ki ce ma yaron nan bijimin dama ya tsuhwa. A bar maganar."

Da aka kai gero rumbu, Elhaji ya aika wa mutanen Harisu da goro da ban haƙuri, ya ce dama bai yi alkawari ba, kuma yarinya ta nuna inda hankalinta yake. Harisu ya yi fushin mako guda, daga baya aka ji yana kai babur garin Ɗan Gulbi wurin wata.

Ranar da magabatan Abdurrazak suka zo daga Bader Goula aka ba su, saƙo ya shigo:

"Esi, an ba ni! Kawuna ya ce Elhaji bai ko ja zance ba. Tun ɗazu nike sa wayoyin mutane a sharji ban kunna wuta ba."

"Ka kunna masu wuta, Malam Ego, kada a ce amarya ta haukata ango tun ba a kai ta ba. Na gode ma Allah da ya sa kai ne."

An ɗaura aure wata Asabar da hantsi a ƙofar gidan Elhaji. Dattawan gindin bedi duk sun zo, babu wanda ya tayar da tsohon zance. Aka ɗora waya a kan tabarma kusa da liman, Idrisa yana ji daga Girka, da aka shafa fatiha aka ji amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. A cikin gida Raliya na lulluɓe, ƙafa da hannu sun sha lalle, Dela na tsokanarta tana kuka tana dariya.

Da yamma kafin a tafi da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta, aka kira ango ya durƙusa a bakin ƙofa. Mutumin da ya taɓa tsayawa gaban majalisa yana magana gatsal, yau ko ɗaga ido ya kasa.

Elhaji ya dafa kan Raliya.

"Ke, kin yi mani abin da ban iya yi ma kaina ba. Allah ya yi maki albarka, ya ba ki masu jin ƙanki."

Sannan ya juya wajen ƙofa.

"Kai kuma, na kore ka da bakina, ga shi da bakina nike kiranka ɗa. Ka maido mani da guda, ga guda na ba ka. Ba ni da abin da ya hi ta. Ka riƙe mani ita da amana."

"In sha Allahu, Baba," in ji Abdurrazak.

Mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga amarya. Elhaji bai shige ɗaki ba kamar yadda iyaye maza suka saba. Ya biyo su har bakin zaure, ya tsaya a gaban jama'a hawaye na bin gemunsa, bai share ba, yana ta cewa Allah ya ba da zaman lafiya, har motar ta sha kwana.